Ina da Ciki Aka Ce Ina Ɗauke da Ciwon Hanta: Jaririna Zai Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da cikin wata biyar, shi ne na biyu. Da na je awo aka ɗebi jinina, da sakamako ya fito aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ko zazzaɓi ba na yi. Tun da na faɗa a gida uwar mijina ta ware mini kwano da kofi, ta ce idan na haihu ba zan shayar ba, maigida kuma ya daina sakin fuska. Don Allah abin da ke cikina zai ɗauka? Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya. Ki kwantar da hankalinki, kin zo da wannan tambaya a daidai lokacin da take da amfani. Matan da suka fi ba ni tausayi su ne waɗanda ba a taɓa gwada su ba, sai bayan sun haifi uku ko huɗu sannan a gano. Ke kuwa kina da wata huɗu a gabanki, kuma sun isa a shirya komai.

Bari in fara ba ki abin da ya fi komai nauyi, ko da shi kaɗai za ki riƙe: jaririnki yana buƙatar allurar rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 na farko bayan ya faɗo duniya. Duk sauran bayanin da zan yi miki a kan wannan allurar yake tsaye.

Idan kin duba takardar da aka ba ki za ki ga an rubuta HBsAg, a gabansa an nuna akwai. Ma'anarsa ƙwayar cutar tana cikin jininki. Takardar ba ta ce hantarki ta lalace ba, ba ta kuma faɗi yawan ƙwayar ba. Da kika ce lafiyarki ƙalau ban yi mamaki ba, don haka wannan ciwo yake. Mutum sai ya yi shekara ashirin ko talatin da shi bai taɓa jin komai ba. Mutanenmu sun saba haɗa ciwon hanta da ciwon shawara, suna jiran su ga ido ya yi ɗorawa, amma akasarin masu ɗauke da shi idonsu fari tas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka. A Najeriya, babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na manya suna da shi, wato kusan mutum ɗaya cikin 12. Duk layin awon da kika zauna ba a rasa mai irin takardarki, sai dai ba kowa ke faɗa ba.

Yanzu maganar maigida, don na san ita ce ta fi hana ki barci. Shirun da ya yi na san abin da ke ƙarƙashinsa: ina ta samo shi? Gaskiya ne ana ɗaukar ciwon ta hanyar saduwa. Amma ga abin da ya kamata ya sani. Babban mutum idan ya ɗauka, jikinsa kan yaƙe shi ya kore shi cikin 'yan watanni. Waɗanda ciwon ke zaunewa a jikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, kusan ɗaya cikin uku ne yake zaune masa. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa kuwa, tara cikin goma yana zama da shi har girma. Saboda haka idan muka ga babbar mace lafiyayya tana ɗauke da shi, abin da ya fi rinjaye shi ne tun tana ƙarama ta samu: daga mahaifiyarta, ko daga askar da aka yi wa yara da yawa aiki da ita, ko daga ƙuraje da ƙujewar da yara ke goga wa juna wajen wasa. Rigakafin bai shiga jerin alluran yara a Najeriya ba sai 2004, don haka duk wanda aka haifa kafin nan ya tashi ne babu kariya. Na sha ganin a gwada mace, sannan a gwada 'yan ɗakinsu a sami biyu ko uku da shi, a gwada mahaifiyarsu a same shi. Wannan takarda ba shaidar laifin kowa ba ce, kuma ina roƙon duk magidancin da ya karanta wannan ya ji tsoron Allah kada ya ɗora wa matarsa zargi a kan abin da ya same ta tana goye a bayan uwarta.

Ki lallaɓa shi ya je a gwada shi. Idan ba shi da shi kuma ba shi da kariya, a yi masa rigakafi, allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farkon. Kafin ya kammala ku yi amfani da kwaroron roba. Idan kina da abokiyar zama ita ma a gwada ta, ko da tana da ciki ana iya yi mata allurar, ba ta cutar da ciki. Ɗanki na fari shi ne na fi so a fara da shi, tunda lokacin da kika haife shi ba a sani ba.

Ita kuma Hajiya, tsoro ne ya sa ta ware kwano, ba ƙiyayya ba. Kada ki yi musu da ita. Ciwon nan ba ya bin abinci, ba ya bin kofi ko cokali, ba ya bin tari, gumi, musabaha, runguma ko cizon sauro. Ki ci tuwo kwano ɗaya da kowa, ki yi girkinki. Abin da za ki ware shi ne duk abin da kan taɓa jini: reza, abin yanke farce, buroshi ko asuwaki, allurar huda kunne, tsinken tsifar kai idan yana ƙuje fata. Ƙwayar tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a kan ƙarfe. Shawarata ki roƙi Hajiya ta raka ki awo na gaba. Abin da ba za ta karɓa daga bakin surukarta ba takan karɓa daga bakin malamar asibiti, kuma kina buƙatarta a ɓangarenki, don ranar haihuwa ke kina kwance, ita ce a tsaye.

Mu koma kan jariri. Yanzu da yake ciki, da wuya ƙwarai ciwon ya isa gare shi, mabiyiya tana tare shi. Haɗarin yana lokacin naƙuda da fitowa, sa'ad da ya haɗu da jininki da ruwan jikinki, ya shiga idonsa, bakinsa, ko wata 'yar ƙujewa a fatarsa. To ita ƙwayar ba nan take take kafuwa ba, tana ɗaukar lokaci kafin ta yaɗu a hanta. Allurar tsere take yi da ita: tana sa jikin jariri ya ƙera makamansa kafin ƙwayar ta zauna daram. Shi ya sa ake ƙirga awanni. Allurar da aka yi a awa shida ta fi wadda aka yi a kwana uku, wadda aka yi a kwana uku ta fi ta ranar suna nesa ba kusa ba. Idan an makara a yi duk da haka, a asibitocinmu ana bayarwa har zuwa mako biyu, amma ga ɗan mai ɗauke da ciwon kowace rana da ta wuce ƙarfin kariyar raguwa yake yi.

Allurar 'yar ƙarama ce, rabin mililita, ana yin ta a gefen cinya ta waje, ba a ɗuwawu ba. Kyauta ce a asibitin gwamnati. Bayanta sai allurar Penta a mako 6, mako 10 da mako 14, ita ma akwai rigakafin hanta a cikinta. Sai an haɗa huɗun aiki ya cika. Akwai masu cewa ai Penta ta wadatar, a jira mako shida. Ga jaririnki wannan kuskure ne babba, don kafin mako shida bakin alƙalami ya riga ya bushe.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan ake yin asarar yara, kuma laifin ba na iyaye kaɗai ba ne, har da mu ma'aikata. Ga yadda abin ke faruwa. Mace ta haihu daren Juma'a. Ɗakin rigakafi a kulle, mai riƙe da makullin firiji ta tashi. Asabar da safe aka sallame ta aka ce ta dawo ranar rigakafi, Talata ko Laraba. Dalilin da ake tara jarirai rana ɗaya shi ne allurar BCG ta tarin fuka, wadda idan aka haɗa kwalbarta dole a zubar da ragowar bayan awa shida, don haka ake jira a sami yara da yawa. Amma kwalbar rigakafin hanta ba haka take ba: idan an buɗe ta an kiyaye ta a sanyi yadda ya kamata tana iya kaiwa kwana 28. Babu hujjar a sa jaririn mai ciwon hanta ya jira ranar BCG. Na taɓa karɓar wani magidanci da ya kawo jaririyarsa ranar Talata, ya naɗe ta a tawul sabo, fuskarsa cike da murna ya cika umarni. Ranar Juma'a aka haife ta, uwar tana da ciwon, an rubuta a katinta ɓaro-ɓaro, amma babu wanda ya gaya masa awanni ake ƙirgawa. Muka yi mata allurar, amma na daɗe ina jin ciwon kwana huɗun nan a raina. Ba na so haka ta faru da ke.

Don haka a awo na gaba ki yi tambayoyin nan da bakinki, kada kunya ta hana ki. Shin ana ajiye allurar a ɗakin haihuwa, ko sai a ɗakin rigakafi? Idan na haihu da dare ko ranar Asabar ko Lahadi, wa zai yi wa jaririna? Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, ki nemi asibitin da ke bayarwa dare da rana ki koma can da awo tun yanzu. Ki sa a rubuta sakamakonki a fuskar katin awo inda ido zai fara sauka. Ranar naƙuda, kina shiga ki gaya wa ungozoma, ko ki sa mai rakiyarki ta faɗa. Kada a fita da ku daga asibiti sai kin ga an cike gurbin allurar a katin jariri da kwanan wata.

Ina ba ki shawara da babbar murya ki haihu a asibiti. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a arewa maso yamma kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai, don haka na san haihuwar gida ba baƙon abu ba ce a wurinmu, kuma naƙuda ba ta sallama. Idan ta zo miki a gida, a yanke cibi da sabuwar reza, mai karɓar haihuwa ta sa safar hannu don kare kanta, sannan gari na wayewa a kai jariri asibiti. Za a ce jariri ba ya fita kafin suna, mai jego ba ta taka waje. Ke ki zauna ki yi wankanki, ba ke ake nema ba. Uban ko kaka ko gwaggo su lulluɓe shi su kai shi, tafiyar awa ɗaya ce. Wannan maganar a gama ta da Hajiya da maigida tun yanzu, kada a bari sai ranar ana muhawara lokaci yana tafiya. Idan kuma gidanku za ki tafi haihuwa, ki tafi da katinki ki binciki asibitin can kafin watanki ya tsaya.

Akwai allura ta biyu da ake kira HBIG. Ita ba rigakafi ba ce irin wadda jiki ke koyo da ita, makamai ne da aka riga aka ƙera aka tace daga jinin masu kariya, ana ba jariri aro su tsare shi kafin nasa su nuna. Ana yin ta a ɗaya cinyar, an fi so cikin awa 12. Idan aka haɗa ta da rigakafin ana kare sama da kashi 90 cikin 100 na jarirai. Tana da tsada, ba ta cikin na kyauta, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Idan da hali a tanade ta tun kafin haihuwa, ta hannun asibiti ko amintaccen kantin magani, a ajiye ta a firijin asibiti, don zafi yana kashe ta. Idan babu hali kada ki ɗaga hankalinki, kuma kada a jinkirta rigakafin ana jiran a samo kuɗinta. Rigakafin kan lokaci shi ne ginshiƙi.

Sai abin da za a yi miki ke kanki kafin haihuwa. Ba duk masu ciwon ne haɗarinsu ɗaya ba, ya danganta da yawan ƙwayar a jini. Ki nemi a tura ki wajen likita a yi miki gwajin HBeAg, wanda ke nuna ko ƙwayar tana hayayyafa sosai a jikinki, da gwajin aikin hanta wanda za ki ga an rubuta ALT a ciki, idan da hali kuma a yi wanda ke ƙirga yawan ƙwayar, HBV DNA. Shi ne mafi tsada amma shi ne mafi faɗin gaskiya. Idan adadin ya kai 200,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, ko HBeAg ya nuna akwai, to allurai kaɗai kan bar wasu jarirai a baya, sai a haɗa da magani. Sunansa tenofovir, ƙwaya ɗaya mai miligiram 300 kullum. A ƙa'idar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga mako 28 na ciki. A sabuwar ƙa'idar 2024 ta ce an fi so a fara tun a tsakiyar ciki, ta kuma buɗe ƙofar a ba mai ciki ko da ba a sami damar yin waɗannan gwaje-gwajen ba, idan babu su a inda take. Kin ga ke nan wata biyar ɗinki lokaci ne mai kyau, kada ki bari ya wuce. Maganin an daɗe ana ba masu ciki, shi ne ma ke cikin haɗin maganin ƙanjamau, kuma wannan ya sa wasu matan ke tsorata idan sun ga kwalbar. Magani ɗaya ne ke aiki a kan ƙwayoyin cuta biyu, shi ke nan. Amma dole a tabbatar an yi miki gwajin ƙanjamau kafin a fara, domin mai cututtukan biyu cikakken haɗi ake ba ta, ba tenofovir shi kaɗai ba. A haɗa da gwajin tunjere idan ba a yi ba.

Kada ki saye shi a kemis da kanki, kada kuma ki daina shi da kanki. Bayan haihuwa, ko an sha magani ko ba a sha ba, ciwon kan motsa wa wasu matan a watannin farko, musamman idan an tsayar da maganin. Likita ne zai faɗi ranar dainawa, ya kuma riƙa duba ALT ɗinki bayan nan.

Ba sai an yi miki tiyata ba saboda wannan ciwon. Idan babu wani dalili daban, ki haihu da kanki.

Shayarwa kuwa, ki gaya wa Hajiya cikin ladabi likita ta ce a shayar. An bi jariran da suka sha nono da waɗanda aka ba madarar gwangwani, ba a ga nono ya ƙara haɗari ba matuƙar an yi rigakafi. Ki sa shi a nono tun awar farko, ki ba shi dakashi kada a matse a zubar. Hana shi nono a ba shi madara da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba shi ne zai jawo gudawa da tamowa, waɗanda ke kashe jarirai cikin kwanaki. Abu ɗaya za ki kula: idan kan nono ya tsage yana jini, ki nuna wa malamar asibiti, ki riƙa ba shi ɗayan kina tatse mai ciwon har ya warke. Shan tenofovir ma ba ya hana shayarwa.

Ranar suna idan wanzami ya zo aski, a ba shi sabuwar reza a buɗe ta a gabanku. Cire beli da tsaga ni dai ban ga amfaninsu ga lafiya ba, kuma ta nan ciwon ke tsallakawa daga gida zuwa gida. Kaciya idan lokacinta ya yi a yi ta da kayan da aka dafa ko sababbi. Wannan kariya ce ga ɗanki da 'ya'yan maƙwabta gaba ɗaya.

Idan ya kai wata 9 zuwa 12 ki kai shi a gwada jininsa, a duba abu biyu: ko ƙwayar ta shiga, da ko rigakafin ya kama. Iyaye da yawa suna mantawa da wannan, alhali shi ne ranar da za ki sauke nauyin da kika ɗauka tun yau. Kada a yi gwajin da wuri, yakan ba da amsa mai ruɗarwa. Kuma don ki san ba tatsuniya nake miki ba: Taiwan ta fara wannan shiri a 1984 lokacin da kusan yaro ɗaya cikin goma ke ɗauke da ciwon, daga baya adadin ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin ɗari, kansar hanta ma ta ragu a tsakanin yaransu.

Kada ki manta da kanki bayan an sha suna. Har yanzu babu maganin da ke fitar da wannan ƙwaya daga jiki gaba ɗaya, akwai dai mai danne ta ya hana ta cin hanta, kuma ba kowa ke buƙatarsa ba. Abin da kowa ke buƙata shi ne a riƙa duba shi duk wata shida zuwa shekara, gwajin jini da hoton hanta, don a ga canji tun bai yi nisa ba. Za ki ji masu talla a lasifika da rediyo da Facebook suna cewa suna wanke hanta cikin kwana arba'in. Ki rufe kunnenki. Na ga mata da suka zo da hantar da jiƙe-jiƙe da sassaƙe suka ƙona, alhali ciwon nasu a kwance yake bai taɓa su ba, balle ke mai ciki. Ko maganin asibiti kada ki sha barkatai, ki riƙa faɗa wa duk mai rubuta miki magani cewa kina da ciwon hanta. Ki guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, da ƙuli-ƙuli ko tunkuzar da ba ki yarda da gyaɗarsu ba, domin gubar funfunar idan ta haɗu da wannan ciwo tana ninka haɗarin kansar hanta. Ban da wannan babu abincin da aka hana ki. Masu cewa ki daina nama da ƙwai da mai suna cutar da ke da abin da ke cikinki, ki ci ki ƙoshi.

Idan kika ga idonki ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, amai ya ƙi tsayawa, ƙaiƙayi ya dame ki a tafin hannu da ƙafa, ko jini yana fita daga dasashi, kada ki jira ranar awo, ki tafi asibiti a ranar.

Cikin jakar kayan haihuwa, tare da zannuwa da audugar mata da kayan jariri, ki saka katin awo da takardar gwajin nan, da wata 'yar takarda da kika rubuta da manyan baƙaƙe cewa a yi wa jariri allurar hanta yau. Ki nuna wa wadda za ta raka ki aljihun da kika sa su. Allah ya sauke ki lafiya.